Ba a Guga a Zaune

Duk layin nan Mai Guga ake ce wa Baba, haka ma aka rubuta da jan fenti a allon da ke saman ƙofar shagon. Sai dai rabon hannun Baba da dutsen guga shekara shida ke nan cur. Aikinsa yanzu ya zauna a kujerar roba a bakin ƙofa, fanka na kaɗa masa wuya, ya karɓi kayan mutane ya ce musu gobe da safe sun samu. Mai cika wannan alkawari tana can ƙuryar shago, bayan layin rigunan da aka rataye, inda babu ko taga. 'Yarsa ce, shekararta ashirin da huɗu, 'Yar Fari ake kiranta gida da waje. Yawancin masu kawo kaya ba su taɓa ganin fuskarta ba. Sai dai su duba karin guga a wando su ce hannun Mai Guga ba ya tsufa, shi kuwa ya shafa gemu ya ce ai abin a jini yake.

Baba ba ya buƙatar leƙawa ciki kafin ya san ana aiki. Kunne yake kasawa. Dutsen guga yana da sautinsa in yana sauka a kan tebur, dim, dim, da hucin ruwa in ya taɓa yadi. Muddin sautin nan na tashi, Baba na cikin nishaɗi, har tsokanar masu wucewa yake yi.

Wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, dutsen ya yi shiru.

'Yar Fari ta san abin, ba ranar ya fara ba. Kwana uku kafin jinin al'adarta yake zuwa, kowane wata, ba ya saɓa lokaci. Da farko kunnuwanta su toshe, hayaniyar titi ta koma nesa. Sai gumi mai sanyi ya karyo mata a goshi, teburin ya fara karkata, rigunan da ke rataye su shiga zagaya ta. Ta tsayar da dutsen a kan ƙarfensa, ta kama bakin tebur da hannu biyu, ta runtse ido tana jiran ƙasa ta tsaya wuri ɗaya.

"Ke! Na ji shiru. An ɗauke wuta ne?"

"Akwai wuta, Baba. Jiri nake ji."

"Jiri!" Ko waiwayowa bai yi ba. "Ni da na yi shekara talatin a kan teburin nan ban san wani abu jiri ba. Ku dai 'ya'yan yanzu son jiki ya kashe ku."

"Da za a samo mini kujera mai tsayi, Baba. Ba kullum ba, in ya taso kawai in ɗan zauna in ci gaba."

"Ba a guga a zaune."

Wannan ita ce dokar shagon, kuma Baba yana da hujjojinsa a jere. Nauyin jiki, in ji shi, shi ke sauka a kan dutse. Mai zama shafa yake yi, ba guga ba. Kuma in mai kaya ya leƙo ya ga ma'aikaci a zaune, cewa zai yi shagon ragwaye ne. Duk wannan bayani daga kan kujerar roba yake yin sa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. 'Yar Fari ta haɗiye sauran maganarta, ta sake ɗaukar dutsen.

Da za a bi yininta daga asuba, da ba a yi mamakin jirin ba. Ƙwai huɗu Mama ke soyawa kowace safiya, biyu na Baba, biyu na Auta. Auta ƙanenta ne, ƙato ɗan shekara ashirin da biyu mai gemu har ƙirji, aikinsa kai wa mutane kayansu a babur. A ganin Mama mai hawa babur yana shan rana da iska, dole a tara masa ƙarfi. Ita 'Yar Fari ba ta ma kai lokacin suyar, don ita ke buɗe shago a ci moriyar wuta tun ba a ɗauke ba. Baƙin shayi take kurɓa a tsaye da guntun burodi, ta fita. Abincin rana sai Auta ya tuna ya kawo, wani lokaci ƙarfe uku, wani lokaci ya dawo da kwanon gida da yamma ya ce ya sha'afa.

Ruwa kuwa da gangan ta daina sha. Shagon ba shi da banɗaki. In ta matsu sai ta tsallaka titi ta roƙi wata tela mai ɗinkin mata, kuma duk fita ɗaya Baba ya ce yawo ta tafi ta bar wuta na ci a banza. Ta ga gara ta bar maƙogwaronta ya bushe da ta riƙa jin wannan gori. Ga jinin da kansa in ya zo, kwana bakwai yake yi kamar an buɗe famfo, sai ta ninka ƙunzugu biyu. Ba wanda ya sani, ba wanda ya tambaya.

Wadda ta fara tambaya baƙuwa ce, wata nas mai kawo fararen kayan aikinta duk mako, 'yar duma-duma mai faɗar magana ba kwana-kwana. Ranar ta zo Baba ya tafi hira wajen mai aski. Ta yi sallama sau biyu shiru, sai ta ture rigunan ta shiga ciki. Ta tarar da 'Yar Fari zaune dirshan a siminti tsakanin ƙullin kaya, kanta a gwiwa.

"Ashe ke ce mai gyara mini kaya. Ɗago in gan ki."

Ta durƙusa ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta, ta duba farcenta. Ta girgiza kai.

"Idonki ya fi rigata fari. Yaushe kike jin jirin?"

"Kwana uku kafin in ga wata, Anti. Wani lokaci har ya ɗauke."

"Me kika ci yau?"

"Shayi."

"Ruwa fa?"

'Yar Fari ta girgiza kai alamar ba ta sha ba.

"Kina kwaɗayin wani abu da ba abinci ba? Ƙanƙara, ko ƙasa?"

Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan tana satar garin sitatin da suke sa wa kaya tana lasa, har ta fara zaton ko tabin hankali ne ke neman ta. Ta nuna robar sitatin da baki.

"Na sani," in ji nas ɗin. "Ba hauka ba ne, jikinki ne ke kukan jini. Saurara da kyau. Kafin al'ada ta zo, sinadaran da ke juya wata a jikin mace suna sauyawa, jijiyoyin jini su saki, ƙarfin bugunsa ya ɗan sauka. Mace mai ƙoshin lafiya ma takan ji kanta sakayau kwana biyu. To ke an haɗa miki zafi kan zafi. Kina zubar da jini mai yawa ba a mayar miki, cikinki ba kowa, ba ruwa, ga zafi, ga tsayuwa wuri ɗaya awa goma jini ya taru a ƙafa. Da me kan zai tsaya?"

"To me zan yi, Anti?"

"Ki karya da abinci na gaske, ƙwai ko wake, kuma kar ki daɗe ciki ba komai. Hanta, nama, ganye. Ki bar haɗa shayi da abinci, yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini. Ki sha lemun zaƙi a madadinsa. Ruwa, ruwa, ruwa. Da kin ji ya taso ki zauna, in da hali ki kwanta ki ɗaga ƙafa sama, kuma in za ki tashi ki tashi a hankali. Sannan ki zo asibiti a auna jininki, a duba dalilin yawan zubar, a ba ki magani. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Mai riƙe da wuta a hannu ba ta wasa da jiri. Ina kujerarki?"

"Baba ya ce ba a guga a zaune."

Nas ta yi tsaki. Ta ciro takarda a jakarta ta rubuta duk abin da ta faɗa, ta ja layi biyu a ƙarƙashin kujera da awon jini, ta ce a kai wa Baba hannu da hannu.

Ba ta kai masa ba, wajen Mama ta fara kai ta. Da yamma ta same ta a kicin tana tsince shinkafa, ta karanta mata takardar a hankali. Mama na jin an zo kan kalmar al'ada ta dubi ƙofa da sauri kamar an ambaci ɓarawo.

"Wannan za ki miƙa wa ubanki? Da wannan maganar a ciki? Ke ba ki da ta ido?"

"Mama, in bai sani ba yaya zai yarda?"

"Ba a kai wa maza irin wannan. Shekara ashirin da shida ina gidan nan, ubanki bai taɓa jin wannan kalma a bakina ba. Ni ma na sha jirin nan, har faɗuwa na taɓa yi a bakin murhu, na tashi na kakkaɓe zanina na ci gaba. Ba ga ni ba? Haƙuri ake yi." Ta karɓe takardar ta ninke ta ƙanana ta cusa ƙarƙashin buhun shinkafa. "Bar ni da abincin, zan san yadda zan yi."

A yi wa Mama adalci, ta yi ƙoƙari sau ɗaya. Washegari ta sayo hanta ta soya da albasa, ta rufe a ƙaramin kwano ta tura bayan tukwane. Amma ƙamshi ba ya ɓoyuwa. Baba na shigowa ya buɗe hanci.

"A'a! Yau wace rana ce a gidan nan?"

Mama ta tsaya da ludayi a hannu. Kalma huɗu kawai ake nema ta ce, ta 'Yar Fari ce. Amma in ta ce haka zai ce don me, kuma don me ɗin nan ce ba za ta iya amsawa ba. Ta ɗauko kwanon da hannunta ta ajiye a gabansa. Ya ci rabi yana santi, ya tura wa Auta sauran. 'Yar Fari na tsaye a ƙofar kicin tana kallo. Da suka gama Mama ta miƙo mata kaskon da guntun burodi, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Dangwale man, shi ma yana da amfani."

Daga nan ba a sake sayen hanta ba. Zuwa asibiti kuma Baba ya ce ranar da ba aiki, ranar da ba aiki kuwa babu ita a shagon nan. Jirin da ke zuwa kwana uku ya koma biyar. Tafiyar da take yi daga gida zuwa shago ba tare da ta tsaya ba, yanzu sai ta jingina da bango sau biyu zuciyarta na dukan uku-uku. Wata rana Auta ya kama ta da sitati fari fat a leɓe, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Baba, zo ka ga inda sitatinmu ke tafiya! Yaya so take ta sandare kamar kwalar riga!"

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauke robar ya ajiye kusa da kujerarsa, ya ce daga yau in ana buƙata a zo a tambaya.

A wata na uku bayan zuwan nas ta yanke shawara. Da safe, kafin mutane su fara zuwa, ta fito daga ƙurya ta durƙusa gefen kujerarsa. Sai ta faɗa masa kai tsaye.

"Baba, jirin nan ba son jiki ba ne. Yana zuwa ne duk lokacin da jinin al'adata ya kusa. Nas ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ce..."

Ya miƙe zumbur kamar kujerar ta cije shi.

"Ke! Ni kike gaya wa wannan? Ni sa'anki ne? Wannan tarbiyyar uwarki ta ba ki?"

"Baba, kujera kawai..."

"Rufe mini baki! Ban ji ba, kuma kar in sake ji."

Ya saka takalmi ya tafi wajen mai aski, bai dawo ba sai azahar. Da yamma Mama ta tare ta tun daga zaure da kuka, wai ta tona mata asiri, ta zubar mata da mutuncin da ta yi shekaru tana tarawa. Kwana biyu Baba bai amsa gaisuwarta ba. Abin da ya fi ci wa 'Yar Fari rai shi ne, a ƙarshe ita ce ta je ta ba da haƙuri.

Wata na gaba wani otal ya kawo aiki mai yawa, zannuwan gado da rigunan ma'aikata, ana so cikin kwana biyu. Baba ya amsa ba tare da ya waiwayi ƙurya ba. Ranar kuma aka wayi gari ba wuta, sai aka ɗauko tsohon dutsen gawayi, mai nauyi, mai murfi da ƙugiya. Ƙuryar da ba taga ta cika da zafi da warin gawayi. Saura kwana biyu watanta.

Tun hantsi kunnuwanta suka fara toshewa. Ta janyo bokitin wanki ta kife shi, ta ɗora ƙullin zannuwa a kai don ya yi tsayi, ta zauna. Sai ta ga aiki na tafiya. Riga goma sha biyu ta goge a zaune, karinsu tsaf kamar kullum, dutsen na ta dim, dim, Baba na waje yana raha bai san komai ba. Da manajan otal ɗin bai zo duba aiki ba, da an wuce lafiya. Baba ya shigo gaba da shi don ya nuna masa, ya gan ta a kan bokiti. Fuskarsa ta canza. Ya koma da sauri ya tsayar da baƙon a bakin ƙofa, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Tashi. So kike ki kunyata ni a gaban mutum?"

"Baba, ba zan iya ba yau."

"Na ce tashi!"

Ya sa ƙafa ya ture bokitin. Ta miƙe da sauri don kar ta faɗi, dutsen na hannunta na dama cike da garwashi. Abin da nas ta ce kar ta yi ke nan, tashi farat ɗaya. Ta ga fuskar Baba ta yi nisa, sannan komai ya yi baƙi.

Ba ta san ta faɗi ba. Zafi ne ya farkar da ita. Dutsen ya kife a kan hannunta, ƙugiyar ta ɓalle, garwashi ya zube a tafinta da yatsunta, wani garwashin ya yi tsalle ya faɗa kan tebur. Ta buɗe baki ihun ya ƙi fita. A cikin wannan hali ta ji muryar Baba a samanta, kuma har ta mutu ba za ta manta abin da ya fara fita bakinsa ba.

"Rigar! Rigar mutane!"

Yana kakkaɓe garwashi daga farar rigar da ke kan tebur. Manajan otal ne, baƙo, ya ture shi ya ɗauke dutsen daga hannunta, ya janyo bokitin ruwa ya tsoma hannun, ya yi ta kiran a kawo mota.

A asibiti aka wanke ƙunar aka naɗe, aka ɗebi jininta. Likita ya duba sakamakon ya sake dubawa, ya tambaya da ƙafarta take yawo? Ya ce jinin da ke jikinta bai fi rabin abin da ya kamata ba, sai an ƙara mata. Game da hannun kuwa, ya ce fata za ta warke, amma yatsu uku sun ƙone har ciki, kar a sa rai za su sake damƙe abu kamar da.

Nas ɗin nan tana bakin aiki ranar. Ta tsaya a ƙarshen gadon ta dubi Baba sama da ƙasa.

"Kai ne Mai Guga? Wata huɗu ke nan na rubuto maka takarda. Kujera na ce, da abinci, da awon jini. Me ya fi wannan sauƙi?"

Baba ya buɗe hannuwa, fuskarsa cike da mamaki na gaske, irin na mutumin da ya riga ya yarda da ƙaryarsa.

"Wallahi ban ga takarda ba. Kuma yarinyar nan ba ta taɓa faɗa mini tana da wata lalura ba. Da na sani zan bar ta?"

Nas ta juya ga Mama. Mama ta gyara mayafi ta dubi ƙasa.

"Ai ita akwai zurfin ciki, tun tana ƙarama. Ba ta faɗar abin da ke damunta."

'Yar Fari na kwance tana jin su. Ta juya fuska bango, ta bar hawayen suka gangara cikin kunnenta.

Kwana tara ta yi a asibiti, ta yi mako biyu a gida. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta tana sha, ƙwai kuwa har yanzu huɗu ne. Da naɗin hannun ya ragu Baba ya ce zaman banza ba ya warkar da ciwo, ta zo shago ko miƙa kaya ta riƙa yi da hagu.

Tana shiga ta tsaya. An fasa bangon ƙurya an sa taga. Fankar Baba ta koma ciki. A gefen tebur ga babbar gorar ruwan sanyi, ga kwano a rufe, ƙamshin hanta da albasa na tashi. Auta ne ke guga yanzu, tunda ba wani. Yana zaune a kan sabuwar kujera mai tsayi, ta katako, an yi mata majingini da wurin ɗora ƙafa, har da matashi.

Ya ga inda idonta ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Yaya, wallahi aikin nan kisa ne. Yini ɗaya na yi bayana ya riƙe. Washegari Baba ya kira kafinta."

"Washegari," ta ce.

"Ke ban san yadda kika yi shekara shida ba."

Baba na bakin ƙofa yana yi wa wani mai kaya bayani da alfahari. "Yaron nan akwai kai. Shi ya gano mana cewa in mutum na zaune hannunsa ya fi daidaita. Zamani ne, dole a bi shi."

Aka tsayar da ita a bayan kantar shagon, wurin miƙa kaya. Can ma babu kujera. Ta yi kwana shida tana ɗauko riguna da hagu, hannun dama na rataye a ƙirji, yatsu uku a lanƙwashe. A rana ta bakwai, wajen sha ɗaya, shago cike da mutane, kunnuwanta suka toshe. Gumin nan mai sanyi ya karyo.

Wannan karon ba ta kama bakin komai ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zagayo gaban kantar, ta zauna a ƙasa a tsakiyar shagon ta miƙe ƙafafu. Mutane suka ja baya. Baba ya taso yana murmushin dole.

"Ke, mene ne haka? Tashi mana, ba ki ga mutane ba?"

Ta ɗago ta dube shi. Ta ɗaga murya yadda har mai aski zai ji.

"Jiri nake ji, Baba. Jinin al'adata zai zo jibi, shi ke kawo shi. Haka yake yi mini kowane wata, shi ya kayar da ni na rasa yatsuna. Na faɗa a gaban mutane ne, don kar gobe a ce ban taɓa faɗa ba."

Wani mai kaya ya shiga duba agogonsa, wata mata ta kafe Baba da ido ba ta ƙifta ba. Baba ya dubi titi kamar ana kiransa a can. A ƙurya dutsen guga ya yi shiru, kuma karon farko cikin shekara shida Baba bai tambayi dalili ba.

'Yar Fari ta juya ta dubi ƙanenta ta tsakanin rigunan. Auta ya dube ta, ya dubi kujerar da yake kai, ya dubi Baba. Ya ɗan muskuta kamar zai tashi. Sai ya gyara matashin, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da guga.